Fararen Ƙafafun Motar Ishaya

Makera, ƙarfe huɗu da rabi na asuba

Ranar Alhamis muka tashi daga Makera, ana yayyafi, a daminar nan ta cikin shekarun tamanin da masaƙun Kakuri suka yi ta sallamar ma'aikata. Gawar maƙwabcina Ishaya muka ɗauka za mu kai ƙauyensu, can bayan Zonkwa, a cikin motarsa ta kansa. Mu bakwai ne masu rai. Baba Ayuba, tsohon direban tirela da ke zaune a Barnawa, shi ne a sitiyari. Matar marigayin, Rifkatu, tana tsakiya, ni Markus ina bakin ƙofa. Dattawa huɗu daga zumuntar maza ta ikilisiyarmu suna baya tare da akwatin, an ja musu tamfol. An soka ɗanyen ganye gaba da baya don kowa ya san abin da muka ɗauko.

Ba son sammako ne ya tashe mu ba. Ishaya ya rasu tun ran Litinin bayan jinyar mako uku, kuma mai kula da ɗakin ajiye gawa ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye cewa wuta ta yi ta ɗaukewa a makon. In akwai mai son ganin fuskarsa, ya gani yau kafin rana ta faɗi, gobe ba zai ba da shawarar a buɗe akwatin ba. Mai son ganin kuwa akwai ta. Uwarsa tsohuwa ce, ciwon ƙafa ya hana ta hawa mota, rabonta da shi shekara biyu don kullum cewa yake sai ya ɗan samu sarari. Ta aiko cewa kada a kuskura a binne mata ɗa a Kaduna, a kawo shi ta ga fuskarsa. Ga kuma rafi marar gada dab da ƙauyen. Da safe mota mai jan ƙafa huɗu irin ta Ishaya tana ratsa shi, amma a watan Agusta, in ruwan la'asar ya sauka a kan duwatsu, sai dai a jira gobe. Lissafin Baba Ayuba shi ne mu tsallake kafin sha biyu na rana.

Dole in faɗi wani abu game da ƙafafun motar nan, don su ne labarin. A-kori-kura ce tsohuwa da Ishaya ya saya a gwanjo bayan an sallame shi daga masaƙa, yana ɗauko doya da gawayi daga ƙauyukan wajen Gwagwada zuwa kasuwar Sabon Tasha. Ƙafafun da ta zo da su sirara ne, suna nutsewa a laka, sai ya nemo wili huɗu masu faɗi na ƙarfe mai kauri, kowanne da huda shida, ya sa musu tayoyi masu manyan haƙora. Yana kula da su fiye da rigar jikinsa. Duk lokacin da ya dawo daga daji sai ya wanke lakar da ta maƙale a ciki, ya goge da burushin waya, ya ƙwanƙwasa da sifana yana kasa kunne ko akwai tsagewa, sannan ya bi notoci ɗaya bayan ɗaya. Amma fa munana ne, baƙi-baƙi da tsatsa kamar gindin tukunya. Ni kuwa mai fenti ne, shekarata goma sha ɗaya a kan wannan sana'a, idona ba ya jure ganin ƙarfe tsirara. Na sha ce masa ya ba ni su na yini ɗaya, shi kuma ya ce in fenti yana damuna in je in shafa wa kajin matata. Bai taɓa faɗa mini dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Na ɗauka ƙazanta ce kawai irin ta direbobi.

A wajenmu ba a kai mutum gida a mota mai dauɗa. Matan unguwa suka wanke ta tas, ni kuma ran Talata na ɗora ta a kan bulo, na cire ƙafafun huɗu, na zuba musu farin fenti mai mai har shafi uku, ciki da waje, har cikin hudojin. Laraba da yamma na mayar, na hau kan sifana da ƙafata na ɗaure. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya yaba, ni kuma ina jin daɗi a cikin baƙin cikina, ina ganin na yi wa abokina abin da ya hana ni yi masa da rai. Da asubar nan Baba Ayuba ya haska da tocila ya gwada notocin, ya ce sun ɗauru.

Sabon Tasha zuwa Kasuwan Magani

Biyar da minti biyar muka shiga Sabon Tasha. Masu kayan gwari sun fara fitowa. Wata mata 'yar Binuwai da Ishaya ke kawo wa doya ta gane ƙarar motar, ta taso da kwandonta tana ɗaga hannu. Da fitila ta haska mata ganyen, sai ta ajiye kwandon ta zauna a kai. Ba mu tsaya ba.

Gaba kaɗan da mararrabar matatar mai akwai shingen sojoji. Wani kofur ya taho yana tambaya da Turancin bariki me muka ɗauko, ya leƙa ƙarƙashin tamfol, ya cire hularsa, ya ce mu wuce. Kujama shida saura minti goma. Yayyafin ya ɗauke, dattawan baya suka fara waƙoƙin sujada ƙasa-ƙasa. Rifkatu na zaune, hannuwanta na kan cinya.

Shida da minti ashirin muka tsaya a Kasuwan Magani, ranar kasuwa ce, an fara sauke buhuna. Muka sha shayi da burodi a tsaye, kwabo hamsin kowa. A nan Rifkatu ta buɗe baki karo na farko tun daga gida, ta kawo zancen mijinta, ba ta ma dube mu ba.

"Baba, in Baban Talatu ya cire ƙafa ya mayar, in ya yi tafiya kamar haka yakan tsaya ya sake ɗaurewa."

Baba Ayuba ya ce gaskiya ne, haka ake yi, ya juya zai ɗauko sifana. Sai aka tarar akwatin kayan aiki yana can ƙuryar baya, sai an ɗaga kan gawar kafin a jawo shi. Raina ya ɓaci, don na ji kamar aikina ake rainawa a gaban mutane. Na ce da nauyin jikina na ɗaure su, an kuma gwada da asuba, ba za a yi ta jijjiga mamaci a tsakiyar kasuwa saboda noti ba. Baba Ayuba ya dubi agogonsa, ya dubi sama, ya shiga mota.

Kufana, Idon, Doka

Daga Kufana hanya ta fara hawa da gangara, ga ramuka, ƙafar Baba Ayuba ba ta sauka daga kan birki ba. Bayan Idon na fara jin wani ƙwas-ƙwas daga baya ta hagu. Na ce wa kaina akwatin ne ke bugun jikin mota. Takwas da minti goma, mun wuce Doka kaɗan, bayan motar ya yi wata irin rawa, dattawa suka daina waƙa suka hau dukan rufi. Ba don Baba Ayuba tsohon hannu ne ba, da wani labarin ake yi. Bai taka birki da ƙarfi ba, ya lallaɓa ta har gefen hanya.

Ƙafar baya ta hagu ta karkace. Cikin bol shida da ke riƙe da ita uku sun karye, sauran ukun notocinsu na lilo, hudojin wilin sun goge sun yi tsawo kamar ƙwai. Na durƙusa na taɓa wajen da noti ke zama. Fentina ne ya yi baƙi ya tsattsafo gefe, yana danƙo a yatsa kamar cingam. Ni da na san fenti mai mai, in an yi shi da kauri a damina, sama yake bushewa ya bar ciki ɗanye. Na sani sarai, na sha faɗa wa masu gidaje.

Safaya tana nan, amma ba inda za a ɗaura ta tunda bol ɗin sun karye. Baba Ayuba ya tare motar itace ya bi ta zuwa Kachia, kimanin kilomita talatin, neman bakanike. Mu kuma muka sauke akwatin muka kai shi inuwar wata ɗorawa, don rana ta fito da zafinta irin na bayan ruwa. Na tare motoci sun fi goma. Wasu da sun hango ganye sai su ƙara wuta. Direbobi biyu suka tsaya suka yi mana gaisuwa, suka ce ba sa ɗaukar gawa. Wani ya yarda ya kai mu Zonkwa, amma ya ce motarsa ko kilomita ɗaya ba za ta yi a hanyar ƙauyen ba, kuma gaskiyarsa ce. Na zage shi duk da haka, na ji kunya daga baya.

Goma da rabi Baba Ayuba ya dawo a bayan babur ɗin wani dattijo mai farin gemu, Malam Iro, bakaniken manyan motoci. Ya fara zuwa wajen Rifkatu ya yi mata ta'aziyya, sannan ya tsuguna gaban ƙafar, ya kankare da farce.

"Wa ya yi wannan aiki?"

"Ni ne, Malam."

"Hannunka yana da kyau. Sai dai ka kai shi inda ba a kai shi."

Ya yi mini bayani yana aiki, ba faɗa, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya ce irin wannan wili mai faɗi ba na motar ba ne tun asali, notocinsa ne kaɗai ke daidaita shi a tsakiya, shi ya sa bakinsu yake da tsini, don ya zauna daram a cikin huda. Bayan wili da bakin huda, ƙarfe ne ya kamata ya haɗu da ƙarfe, ba fenti, ba giris, ba laka. In akwai fenti a tsakani, da sanyi za ka ɗaure ka rantse ya ɗauru, amma da birki ya yi zafi fentin zai narke ya gudu, ya bar wuri, noti ya samu sarari, wili ya dinga cin bol har ya karya. Ya ce mai motar nan ya san abin da yake yi da ya bar su da tsatsarsu. Ya zaga sauran ƙafafun uku da sifana, kowane noti ya juya ba gardama.

Irin bol ɗin babu a Kachia, sai Kaduna ko Kafanchan. Dabarar da ya yi ita ce ya ciro ɗaya-ɗaya daga lafiyayyun ƙafafun uku ya cike wa mai ciwon, su ukun kowacce ta tafi da biyar. Aiki ne na buɗe ƙafa huɗu. Wilin da ya goge ya tashi aiki, sai siririyar safaya, wadda notocinta daban ne. Muka same su a gwangwanin madara, ɗaure da waya a jikin safayar, Ishaya ya adana su tun ranar da ya canza ƙafafu. Ni kuma Malam Iro ya miƙo mini wuƙa da tsumma da fetur, ya ce in cire abin da na sa. Awa huɗu ina kankare aikin da na yi yini biyu ina alfahari da shi, ina yi ina duban inuwar ɗorawar nan tana matsawa, dattawa na jan akwatin suna bin ta.

Uku saura minti ashirin aka gama. Malam Iro ya ɗaure notocin a giciye, wannan sannan na daura da shi, ba bi da bi ba. Ya ce kada mu wuce gudun hamsin, kuma mu dinga tsayawa muna sake ɗaurewa. Kuɗin man babur kawai ya karɓa.

Kachia zuwa bakin rafi

Kachia uku da rabi. Muka tsaya muka ɗaure, wannan karon sifanar tana kan cinyata. Ba wanda ya yi zancen abinci. Gabas ta haɗa baƙin hadari, kowa na gani, ba mai faɗa. Biyar saura minti goma muka shiga Zonkwa, ruwa ya tare mu a can kamar da bakin ƙwarya, dattawan baya suka cire rigunansu suka ƙara a kan tamfol.

Biyar da minti goma muka sauka daga kwalta. Kilomita goma sha huɗu ne na jar laka. A nan na ga amfanin ƙafafun da na raina, don masu faɗin uku suna hawa kan laka suna wucewa, siririyar ce ta nutse har sau biyu, muka sauka muka tura. Shida da minti biyar muka iso rafin.

Ruwan ja ne, ya shafe duwatsun da ake bi, yana tafe da itatuwa. A tsallake ga mutanen ƙauye tsaye cikin ruwan sama, tun sha biyu suke jira, ga hayaƙin gidajensu a bayansu. Suna ɗaga murya, mu ma muna ɗagawa, ƙarar ruwa ta hana a ji juna. Baba Ayuba ya shiga da sanda, taku uku ruwa ya kai masa cinya, ya dawo. Na kama rigarsa na ce mu gwada, motar za ta iya.

"Markus, gawa ɗaya na ɗauko daga Kaduna," in ji shi. "Ba zan ƙara ba."

Akwai makarantar firamare a wannan gefen. Hedimasta ya buɗe mana aji ɗaya, muka haɗa benci biyu muka ɗora akwatin, matarsa ta kawo tuwon acca da miyar karkashi. Na kasa ci. Kafin Rifkatu ta bi matar zuwa gida, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce mini, "Na faɗa a Kasuwan Magani." Iyakar abin da ta ce ke nan. Mu maza muka kwana a baranda, don tun kafin gari ya waye ajin ya daina zaunuwa.

Ƙauye, ranar Juma'a

Bakwai da minti ashirin ruwa ya janye zuwa gwiwa, muka tsallake cikin minti biyu. Dattawan gari suka taho, suka matso kusa da akwatin, suka ja da baya suka yi shawara da harshensu. Ƙanin mahaifin Ishaya ya aika a kawo guduma da ƙusa.

An fito da tsohuwar a kan kujera. 'Yar ƙarama ce, ta ɗaura sabon zane. Ta ce a buɗe. Ƙanin mijin nata ya durƙusa a gabanta ya yi mata magana a hankali. Na zaci za ta yi kururuwa, ba ta yi ba. Ta sa aka matsar da kujerar, ta ɗora tafin hannunta a kan murfin ta wajen kai, ta bar shi a nan har aka gama buga ƙusa. Kafin goma an binne shi.

Da yamma ta aiko a kira wanda ya yi jinyarsa. Ni ne, don ni nake kwana da shi a asibiti in Rifkatu ta koma wajen yara. Hausar tsohuwar kaɗan ce, Rifkatu ce ta zauna tsakaninmu tana fassarawa. Na durƙusa na ce Mama, kafin komai, ni na jawo. Na faɗi zancen fenti da noti da abin da ya faru a kasuwa, ban rage ba, Rifkatu ma ba ta rage mini ko kalma ɗaya ba. Tsohuwar ta saurara har na gama, sannan ta yi magana gajeriya.

"Ta ce ka bar zancen mota," in ji Rifkatu. "Ta ce ya yi furfura?"

Na ce ya yi, kaɗan, a gefen kunnuwa. Ta ce in fara daga goshi in sauko, kada in yi sauri. Na faɗa mata layuka biyu da suka fito masa tsakanin gira, da yadda idonsa ya faɗa a makon ƙarshe, da gemun da ya tsiro don ba a yi masa aski ba. Na faɗa mata giɓin da ya samu bara, ranar da sifana ta kuɓuce ta doke shi a baki, wanda ita ba ta taɓa gani ba. Ta tambaya ko ya rame, na so in yi ƙarya, na dubi Rifkatu, na ce ya rame sosai. Idonta a rufe yake, tana gyaɗa kai. Mun fi awa ɗaya a haka, kuma ban taɓa yin aiki mai nauyin wannan ba.

Komawa Makera

Asabar ƙarfe takwas muka taso, Rifkatu ta zauna zaman makoki. Sau shida muka tsaya ɗaure noti, babu notin da ya motsa. Huɗu da kwata na yamma muka shiga Makera, na sauka na wuce ɗaki ban gaisa da kowa ba.

Ina gode wa Allah da ya dawo da mu da rai. Ina gode wa Baba Ayuba da ya riƙe sitiyari a Doka ya kuma ƙi jin maganata a bakin rafi, da Malam Iro, da hedimasta da matarsa, da dattawan nan huɗu da suka sha ruwan sama ba riga. Mutanen unguwa har yau cewa suke ƙafar mota ce ta lalace a hanya. To ga yadda ta lalace.

Da za mu taso daga ƙauyen, tsohuwar ta sa aka ce mini in dawo bayan girbi in sake faɗa mata, don kanta ba ya riƙe abu yanzu. Na koma sau uku kafin ta rasu, kullum daga goshi muke farawa. A zuwana na ƙarshe ni ne na fara mantawa. Da na iso kan giɓin sai na tsaya, na rasa ko a hagu yake ko a dama.

"Hagu," in ji ta da Hausa. "Haka ka ce mini."